Shekarun da ke Cikin Fayil

Duk wanda ya san Tambaya direban tarakta a Bungudu ya san ya ba saba'in baya. Lokacin da aka daina kashe fam da sule aka koma naira, yana yaron mota a kan wata tsohuwar roka mai ɗaukar auduga, har ya fara tara kuɗin aure. Amma a ofishin gona da yake wa aiki a Gusau, fayil ɗinsa cewa ya yi shekararsa hamsin da bakwai. Sau biyu yana zuwa kotu yana rage su, sau biyu ana buga masa hatimi. Abin har ya kai, in za a bi takarda, shekara goma kacal ya ba babban ɗansa Sabiru.

Ba son aiki ne ya sa shi ba. Wa ke son tarakta ta riƙa jijjiga masa ƙugu tun safe har la'asar da wannan tsufa? Matarsa Lami ce ke fama da hawan jini da suga, kuma katin asibitin da ofis ya ba shi, shi ke fitar mata da magani kowane wata. Ranar da ya ajiye aiki, ranar kati zai mutu. Ya ga abokan aikinsa da suka ajiye. Wasu na zaune bakin masallaci suna jiran haƙƙinsu, wasu sun gaji da jira sun tafi inda ba a dawowa. Shi ya sa duk ranar Lahadi yake zama a tsakar gida da ɗan madubi yana shafa wa gemunsa baƙin dayis, Lami na daka tana kallonsa ta wutsiyar ido.

Gemu ya yarda ya ɓoye. Ido ne ya ƙi.

Tun bara ya fara ganin duniya kamar ta cikin hayaƙin ɗanyen itace. Bai gaya wa kowa ba. Hanya ya san ta, tarakta kuwa ko a makance zai kwance ta ya ɗaure. Sai da ruwan shuka ya sauka bana aka tura shi Nahuce ya yi wa wani Alhaji haro. Rana na tsaka, haske ya cika masa ido, bai ga layin gamban da ke iyaka ba. Ya kwashe shi tas, ya shiga gonar maƙwabci taki goma sha, ya juye geron mutum da ya riga ya tsiro. Mai geron ya sheƙo da gudu yana ɗaga kalme yana ihu, Tambaya bai gan shi ba sai da ya kusa taka shi.

Washegari shugabansu Malam Bashir ya kira shi ofis. Sa'an Sabiru ne, ko ma bai kai ba.

"Baba Tambaya, gamba hwa ba allura ba ce. Tsawonta ya kai gwiwa."

"Ranka shi daɗe, rana ta."

"Rana ta kowa ce. Ita abokin aikinka Abdulrahman ke aiki ciki, bai taɓa shiga gonar wani ba." Ya tura masa wata takarda. "Sati biyu na ba ka. Ka kawo takardar likita cewa idonka lafiya lau, in ba haka ba ka aje makulli. Aikin Kucheri na nan tafe, ba ni son a kawo min ƙara daga can."

Tambaya ya fito yana huci. Makulli shi ne aikin. Albashi ba ya kai su ashirin ga wata, abin da manoma ke miƙo masa a bakin gona, wani kwanon dawa, wani kuɗin goro, shi ke riƙe gidan. Kuma kowa a ofishin ya sani, direban da ba shi da mota shi ake fara zaro wa fayil in an zo tantance ma'aikata.

Ya tafi asibiti a Gusau. Ya yini a layi, aka haska masa fitila a ido, aka ce yanar ido ce, ta rufe duka biyun, sai an yi aiki. Da aka faɗi kuɗin ido ɗaya, sai da ya sa aka maimaita. Albashinsa ne na wata huɗu ba ci ba sha. Ya zaro katin ofis ya ajiye a kan tebur da ƙarfinsa. Ma'aikacin ko taɓa katin bai yi ba.

"Baba, wannan bai ɗauki aikin ido ba."

"To mi ya ɗauka? Ana cire min kuɗi duk wata."

"Magani da awo. Ban da aiki."

"Ido ba cikin jiki yake ba?"

Ma'aikacin ya ɗaga kai ya kira na baya.

Labarin Tsafe kuwa taubashinsa Usman ne ya kawo. Usman tsohon mai gyaran keke ne, shekara huɗu Tambaya ya ba shi, kuma shi ma yanar ta kama shi, sai da sanda yake fita. Ya ce ƙungiyar wasu 'yan kasuwar hatsi ta ɗauko likitocin ido, kwana uku za su yi a Tsafe, Talata zuwa Alhamis, aiki kyauta ga duk tsohon da ya kai sittin da biyar.

"Tashi mu tai, bawana," in ji Usman. "Ka riƙe min sanda a hanya, in an gama da ni in roƙa maka."

"Wa ag bawanka? Ni na goye ka, kana min fitsari a baya."

Ranar Talata suka hau mota tun da hantsi bai yi ba, suka sauya wata a Gusau. A Tsafe suka tarar an kafa rumfuna a harabar wani ƙaramin asibiti, tsofaffi maƙil, wasu a tabarma, wasu jikoki na jan su. Sai bayan azahar layi ya zo kansu. Wata yarinya ce a tebur da na'ura a gabanta. Ta karɓi katin ɗan ƙasa na Usman, ta danna, ta ba shi lamba. Ta karɓi na Tambaya, ta danna, ta dubi katin, ta dubi baƙin gemunsa.

"Baba, ba ka kai ba."

"Ban kai ina ba?"

"Sittin da biyar. Kai hamsin da bakwai gare ka. Saura shekara takwas."

Usman ya fashe da dariya har sandarsa ta faɗi. "Ɗiyata, gaskiya kika faɗi. Yaro na. Rakiya ya yo min. Ku ba shi alewa shi zauna waje."

Tambaya ya dafa tebur. "Ke, dube ni da kyau. Wanga da kika ba lamba, ranar sunansa ni na riƙe ƙafar rago. Na girmi ubanki, wataƙila na girmi kakanki."

"Ban musa ba, Baba. Na'ura ce ba ta karɓa. In na sa lambar katinka, shekarun da ke ciki take ɗaukowa." Ta sassauta murya. "In kati ne aka yi kuskure, kawo takardar mai unguwarku da hatimi, in kai wa babban likita, ko zai duba. Amma Alhamis muke rufewa."

Aka shige da Usman ciki yana waiwaye yana cewa, "Ka gaida gida, yaro. Kar ka tsaya wasa a hanya."

Shi kaɗai ya koma Bungudu. Lami ta ji labari tana tankaɗe, ba ta yi dariya ba.

"Malam, in takardar ta kai ofis hwa?"

"Tsafe ina, Gusau ina?"

"Yanzu da waya komai kusa ne."

"To in zauna in makance? In na makance wa zai amso miki maganin?"

Ta ci gaba da tankaɗenta. Shi kuwa ya ɗauko sabulu da ruwan zafi ya hau wanke gemu. Ya wanke sau uku, ya sa toka, ya sa lemun tsami. Dayis ya ce bai san zance ba. Haushi ya kwashe shi, ya aika aka kira wanzami, ya ce a sauke gemun duka. Gemun da ya shekara arba'in reza ba ta taɓa ba. Lissafinsa, kafin Alhamis furfura za ta tsiro fara fat, kowa ya gani da idonsa. Da wanzami ya gama, Lami ta dube shi ta ce, "Yanzu ka ma fi kama da hamsin ɗin."

Ranar Laraba ya sami Mai unguwa Isma'ila a zaurensa. Tare aka yi musu kaciya, tare suka yi kwanan jinya a bukka ɗaya, in akwai mai shaidar shekarun Tambaya a duniya to shi ne. Suka gaisa, mai unguwa ya daɗe yana kallon haɓarsa.

"Wa ya rasu, ko gobara ka yi?"

Tambaya ya zayyana masa komai. Ya ce layi biyu kawai yake so: cewa shi Tambaya ya haura saba'in.

Mai unguwa ya gyara zama. "Tambaya, takardar da ka kai kotu ta farko, wa ya sa mata hannu?"

"Kai."

"Ta biyu hwa?"

"Kai ne dai."

"To. Na rubuta an haife ka bayan an fara yaƙin basasa, alhali ni da kai muna cikin masu bin motar soja da gudu. Na yi don zumunci, ina ta istigfari har yau. Yanzu kuma in rubuta wata da hatimi guda, in ce waccan ƙarya ce? Ranar da aka haɗa takardun nan uku a tebur ɗaya, kai aikinka za ka rasa, ni rawanina."

"Wagga ita ce gaskiyar ai!"

"Awo, ita ce. Shi ya sa ta fi haɗari."

"Wato ƙarya ka iya sa wa hannu, gaskiya ta gagare ka."

"Faɗi abin da kake so. In kana son gaskiya, koma kotu ka rantse, a gyara katin, kowa shi huta. Ni zan raka ka da ƙafata."

Tambaya ya san abin da wannan ke nufi. Lambar katin nan ita ce a jikin albashinsa. Ranar da aka gyara ta, ba sai an kira shi ofis ba, na'ura da kanta za ta sallame shi, wataƙila ma a ce ya maido na shekarun da ya ci. Ya tashi ko sallama bai yi ba.

Duk da haka ranar Alhamis ya koma Tsafe, hannu wofi, da ɗan tsiron furfura da sai an matso ake gani. Ya tarar da Usman zaune a inuwa, an cire masa bandeji, yana nuna mutane da yatsa yana faɗin launin rigunansu kamar wanda ya ci gasa.

"Kai! Wane ne wanga? Ashe haka kake da muni? Da na sani da na bar idona yadda yake."

Tambaya ya juya masa baya. Ya wuce tebur, ya wuce mai gadi, ya tsaya a ƙofar ɗakin da likitoci ke shan ruwa, ya ce ba zai gusa ba sai babban ya fito. Babban likitan ya fito, dattijo ne shi ma. Ya saurare shi har ƙarshe, ya kama hannunsa ya juya, ya ɗaga masa fatar ido.

"Baba, ko makaho ya taɓa hannun nan ya san ka wuce saba'in. Amma masu biyan kuɗin sunaye suke bi, da lambar kati. Duk wanda na yi wa ba ya cikin na'ura, daga aljihuna ne, kuma na riga na yi wa mutum shida haka." Ya yi ɗan tunani. "Zo asibitina a Gusau ran Litinin. Ka biya kuɗin kayan aiki, na yafe na hannuna. Iyakar abin da zan iya ke nan."

Ko da aka yafe na hannu, abin da ya rage ba na wasa ba ne. Sabiru facin taya yake yi, 'ya'yansa bakwai, abin da ya kawo ko kuɗin awo bai kai ba. Lami ce ta kwance ragunanta biyu da take kiwo tun kaka don kasuwar layya, aka kai su tun ba su gama ƙiba ba, dillalai suka yi musu tayin wulaƙanci. Aka haɗa da buhun masara biyu cikin ukun da aka ajiye don cin damina. Duka-duka ido ɗaya suka saya.

Likita ya tambaye shi wanne za a fara. Ya ce na dama, don ta dama yake duba bakin haro.

Aka yi aiki Litinin, Talata aka buɗe. Abin da ya fara gani shi ne ƙudan da ke kan tagar ɗakin, har ƙafafunsa. Ya ga zanen tafin hannunsa. Ya ga Lami a bakin gado, ya ga yadda ta rame, wuyanta duk jijiya, abin da tun bara bai lura da shi ba. Ya kau da kai.

Likita ya ba shi maganin ɗigawa da baƙin tabarau, ya jero masa dokoki: ban da ƙura, ban da ɗaga kaya, ban da sunkuyo mai yawa, ban da jijjiga. Tambaya na ta cewa to, to, kamar yadda ake ce wa likita. Abin da ya dame shi ɗaya ne.

"Likita, takardar ofis. Ka rubuta musu ido ya gyaru."

Likita ya rubuta da Turanci, ya buga hatimi, ya sa a ambulan. Tambaya ajami ya iya da lambobi. Ya karɓa ya sa a aljihun gaba, bai ba kowa ya karanta masa ba, don kada magana ta yi yawo.

Ranar Alhamis, kwana ɗaya kafin wa'adi ya cika, ya shiga ofishin Malam Bashir da tabarau a fuska, ya ajiye ambulan a tebur kamar mai ajiye kati na ƙarshe a caca. Malam Bashir ya buɗe ya karanta, ya sake karantawa.

"Madalla. Ya ce idon dama ya gyaru sarai."

"To, a ba ni man tarakta in tafi Kucheri."

"Ka san abin da ya rubuta a ƙasa?"

"Sunansa."

"Ya ce kada ka hau tarakta ko ka shiga ƙura har sati shida. Ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Ya ce kuma na hagu na nan da yanarsa."

Tambaya ya ji kamar an zuba masa ruwan randa. "Sati shida? Nan da sati ukku an gama haro ko'ina! Wa zai kira tarakta bayan gero ya kai gwiwa?"

"Ni ma na sani."

"Ranka shi daɗe, ka ce takarda, na kawo takarda. Ragunan matata na sayar. Abincin gidana na sayar. Ga ido, ina ganin har rubutun kalandar can. Ka manta da layin ƙasan, ni na ɗauki nauyin kaina."

"Da ba ka kawo ta ba, da na iya cewa ban sani ba. Yanzu ta shigo hannuna da hatimi. In idon ya lalace a gona, ni za a tambaya." Ya miƙa hannu. "Makullin, Baba. Aro ne. In sati shida sun cika mu gani."

"Mu gani" ɗin nan Tambaya ya san shi. Ya ji an faɗa wa mutum uku kafin shi, babu wanda makulli ya koma hannunsa. Ya dubi hannun da aka miƙo masa. Sannan ya kwance makullin daga igiyar wandonsa, bai miƙa ba, ya ajiye a kan tebur.

"Ka je gida ka huta," in ji Malam Bashir. "Albashinka na nan."

"Ba ni zuwa ko'ina. In na kwanta gida a ce na tsufa. Bakwai na safe ina nan kullum, in sa hannu a littafi, in zauna inda kowa zai gan ni."

Ya fito ya zauna a benci ƙarƙashin dalbejiyar da ke kallon garejin. Ya ɗiga magani, ya mai da tabarau. Can sai ga Abdulrahman ya fito yana kaɗa makulli a yatsa, mutum mai 'ya'ya biyar amma har yau bai san bambancin tarakta da motar haya ba. Ya haye taraktar Tambaya, ya tayar, ya banka mata wuta tun injin bai yi ɗumi ba. Tambaya na gani tar, har baƙin hayaƙin da ta tofar, har man da ke ɗiga ƙarƙashinta, har kusoshi biyu da suka kwance a jikin haro. Giya ta yi wata ƙara kamar ana yanka jaki.

Ya miƙe tsaye, hannu ɗaya dafe da tabarau.

"Kuloci! Taka kuloci har ƙasa, kai! Ba a yi mata haka!"

Abdulrahman bai ji ba, ko ya ji ya yi kamar bai ji ba. Ya fice ta ƙofa, haro ya daki ginshiƙi ya ɓare siminti. Mai gadi ya dubi Tambaya ya ce, "Baba, zauna, ƙura na tasowa."

Ya zauna, ya ja bakin rigarsa ya rufe idon.